Taurin lu'u-lu'u bai kai ga zoben ba

Mutane da yawa suna ganin tunda lu'u-lu'u ya fi kowane dutse tauri, maki 10 a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, to ko da me aka goge zoben babu komai. Shi ya sa ake dirza masa man goge haƙori. Dutsen kam ba zai ji ba, amma zinaren da ke riƙe da shi maki 3 ma da kyar yake kaiwa, nan da nan zai yi zane-zane. Bilic kuwa cin ƙananan faratan da suka kama dutsen yake, har wata rana ya faɗo. Shi kansa dutsen, in ya bugu da ƙarfi, yana iya ɓantarewa.

Yawanci maiƙon hannu ne ke dusashe shi. Jiƙa shi minti 20 a ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a bi bayan dutsen da burushi mai laushi.