Kai kana ganin motar, direban bai gan ka ba

Samari masu hawan keke bayan faɗuwar rana, da ku nake. Akwai ruɗin da ke cin yawancinmu, ni ma ya taɓa cina. Kana tafe a gefen titi, ka hango fitilar mota tun daga nesa, har haskenta ya kashe maka ido, sai zuciyarka ta ce ai tunda na gan shi, shi ma ya gan ni. Ina! Shi yana ɗauke da fitila biyu masu ƙarfi, kai kuwa baƙar riga ce a jikinka a kan baƙin keke. Ga gilashin gabansa da ƙura, ga fitilun masu tahowa suna dukan idonsa. A wurinsa kai da duhun duk ɗaya kuke.

Ku yi lissafin da kanku. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 25 ke nan ba a ma fara tsayawa ba. Birkin kansa yana son wajen mita 20 a busasshiyar kwalta. Idan sai da ya matso mita 30 sannan ya ankara da kai, to ko shi ne gwanin direbobi, lissafin ya riga ya ƙi.

Nan ne amfanin danjar nan ta bayan keke, wadda wasunku ke ɓallewa wai tana rage wa keke kyau. Ku duba cikinta da kyau, za ku ga ƙananan kusurwoyi jere kamar saƙar zuma. Kowace kusurwa an yi ta ne yadda hasken da ya shiga zai yi karo da fuska uku ya koma ta inda ya fito. Madubi yana watsar da haske gefe idan aka haska shi a karkace, ita kuwa danja mayar wa mai shi take yi. Shi ya sa direba, wanda idonsa ke kusa da fitilarsa, yake hango ta tana ci kamar garwashi tun da sauran tazara. Irin abin da idon kyanwa ke yi ne da dare, kuma wani Bature a Ingila, Percy Shaw, ya yi rajistar ƙirar maɓallan tsakiyar titi masu mayar da haske a 1934, har yau idon kyanwa ake kiransu.

Launin ma ba ado ba ne. Ja a baya, fari a gaba, ruwan ɗorawa a feda da gefen taya. Da launin direba ke sanin ko tafiya kake ko tahowa.

Na fi son in tsaya a kan na feda, don su aka fi rainawa. Ɗigon ja guda ɗaya a cikin duhu yana iya zama komai, alamar gefen hanya ko motar da ke can nesa. Amma ɗigo biyu da ke hawa da sauka, wannan na sama wancan na ƙasa, ba wanda zai gani bai san ƙafafun mutum ne a kan keke ba. Idon ɗan Adam yana saurin gane motsin jikin ɗan'uwansa. Idan fedarka ba ta da su, ɗaura ƙyalle mai mayar da haske a idon sawu. Ya fi maka rigar nan mai ruwan kore shar da wasu ke taƙama da ita, domin launin nata da hasken rana yake aiki. Da dare layukan azurfar da ke jikinta ne kaɗai ke magana.

To amma kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, ya sa danja ya gama. Danja hasken aro take ci, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Motar da za ta fito daga layi ta shigo titin da kake kai, fitilarta gaba take kallo, ba ta haska ka sai kun haɗu. Haka a kan kwana. Mai tafiya a ƙasa ba shi da fitilar da zai ara maka, haka ɗan'uwanka mai keken da ke tahowa a duhu, haka motar da fitilarta ɗaya ta mutu. Direban tirela ma, da yake yana zaune can sama nesa da fitilarsa, hasken da ke komawa idonsa bai kai na mai ƙaramar mota ba. Don haka sai da fitilar kanka, fara a gaba, ja a baya. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1968 duka biyun ta ambata ga keke, danja ja a baya da kuma fitilun. Riƙe tocilar waya da hannu ɗaya ba fitila ba ce, hannun birki kawai ka rage wa kanka. Kuma ka ɗan sunkuyar da ta gaban, kada ka makantar da wanda kake so ya kauce maka.

Masu bin hannun da ba nasu ba, kuna fuskantar motoci wai don ku riƙa ganinsu, ku daina. Gudunka da na motar haɗuwa suke yi, kuma ba ta nan direba ke tsammanin abin hawa ba.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma tafiya a duhu ba fitila ganganci ne, sunansa daban. Kafin ka hau yau, sa tsumma ka goge danjar, laka da ƙura suna kashe ta. Ka ga ko ta miƙe tana kallon baya sak, ba ta sunkuya tana kallon taya ba, kuma kayan da ka ɗaura a kariya ko bakin rigarka bai rufe ta ba. Sannan ka jingine keken a duhu, ka ja baya taku hamsin, ka riƙe tocila kusa da idonka ka haska shi, ta baya da ta gefe. Abin da ka gani, shi direba zai gani.