Voltron da yaran Zamfara: suna ganin faɗan, ba sa jin maganar

Jama'a, yau zancen katun zan yi, kuma da gaske nake. Na san a halin da Zamfara take ciki wani zai ce ina ruwanmu da zane mai motsi, ga matsalar tsaro ga tsadar abinci. To amma yaran da muke zubar da hawaye a kan makomarsu, su ne dai suke dafe da wayoyinmu bayan an taso Islamiyya. Abin da ke shiga kansu a wannan lokacin tarbiyya ce, ko mun sa hannu ko mun naɗe shi. Ra'ayina shi ne: katun ɗin manyan mutum-mutumi da halittun wasu duniyoyi da yaranmu suke kallo ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne suna kallonsa cikin harshen da ba sa ji, sai duka da harbi da fashewa su shiga, labarin kuma ya tsaya a waje.

Duk wanda ya tashi a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ya san Voltron. Lokacin Gusau tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, NTA ba ta buɗe tasha sai yamma, kuma layi guda bai fi gida ɗaya ko biyu ke da talabijin ba. A wanke ƙafa, a zauna a tabarma, wanda ya yi surutu a kore shi. Zakuna biyar na ƙarfe, kowane da launinsa da matuƙinsa: Keith a baƙin, Lance a jan, Pidge a koren, Hunk a rawayan, Sven a shuɗin, wanda daga baya Gimbiya Allura ta karɓa. Idan dodon da maƙiya suka aiko ya fi ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya, sai su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi guda. Shuɗi da rawaya su zama ƙafafu, ja da kore su zama hannuwa, baƙin ya zama gangar jiki da kai. Daga nan a zaro takobi mai wuta, a raba dodo biyu, mu kuma mu ɓarke da ihu.

Iyakar abin da muka kwasa ke nan a wancan lokacin, domin Turancin ya fi ƙarfin ɗan firamare. Amma labarin da ke ƙarƙashin wannan ihun ya fi takobin nauyi nesa ba kusa ba. Duniyar da abin ya faru a cikinta sunanta Arus. Wani azzalumin sarki, Zarkon, ya afka mata, ya rushe garuruwa, sarkinsu Alfor ya mutu, aka kwashi mutane bayi, waɗanda suka tsira suka gudu suka ɓuya a cikin koguna, suna tsoron fitowa su yi noma a ƙasarsu ta gado. 'Yar sarkin ce kaɗai ta rage a rusasshiyar fada tare da wani dattijon bafade, Coran. Su kansu matasan nan biyar sai da Zarkon ya kama su ya jefa cikin bayi kafin su kuɓuce. Zakunan kuma ba a jere suke a bakin fada suna jira ba, a ɓoye suke: ɗaya a dutse mai aman wuta, ɗaya a daji, ɗaya a ƙarƙashin tafki, ɗaya a hamada. Ƙarfin ƙasar yana nan, amma a warwatse, sai an nemo shi an haɗa.

Ku faɗa mini, yaron da ya baro ƙauyensu a yankin Zurmi ko Maru ko Tsafe cikin dare, goye a bayan uwarsa, yanzu yana kwana a kangon da ba a gama ginawa ba a Gusau, shi ne zai kasa gane wannan labari? Wallahi ya fi yaran Amurka da aka yi wa shirin ganewa. Ya san abin da ake nufi da a hana ka zuwa gonarka. Ya san abin da ake nufi da a tafi da mutane a daji. Ba na cewa katun zai warkar da shi, Allah ne mai warkarwa. Amma yaro yana buƙatar ya ji labarin da aka kori mutane daga gidajensu kuma suka koma, da bakin da yake fahimta.

Kwanakin baya na zauna da 'ya'yan yayata suna kallon tsohon Voltron da wani mai tura finafinai ya sa musu a memori. Su shida a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, an jingina ta da kwanon sha. Duk inda aka fara magana sai babban ya sa yatsa ya ja gaba, har sai an zo wurin haɗewar zakuna. Na ce ya bari, na fara fassara musu. Ƙaramin cikinsu ya matso jikina, kowane minti sai ya taɓa ni: "Kawu, mi yac ce?" Da aka zo inda mutanen Arus suke leƙowa daga kogo suna shakkar fitowa, ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya sake kai hannu kan wayar. Yaran nan ba faɗa kawai suke so ba, faɗan ne kaɗai abin da aka bar musu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Voltron ɗin da muka kalla ma gyararre ne. Asalinsa na Japan ne, sunansa GoLion, kamfanin Toei ya yi shi a 1981, kashi 52. Wani kamfani a garin St. Louis na Amurka, World Events Productions, ya sayi haƙƙinsa, ya sake masa suna da muryoyi, ya fitar da shi a 1984. Kuma ba murya kaɗai suka canza ba. A na Japan, yaƙin duniya na uku ne ya halaka duniyarmu da nukiliya, ana zubar da jini, ana mutuwa a fili. Amurkawa suka ce yaransu ba za su ga wannan ba, suka yanke. Matuƙin shuɗin zaki a na asali mutuwa ya yi, su kuwa suka ce rauni ya ji aka kai shi jinya wata duniyar. Sojojin maƙiya da ake kashewa aka ce mutum-mutumi ne. Wato sun duba 'ya'yansu, sun duba abin da za su iya ɗauka, suka daidaita shirin a kansa. Ana iya musu a kan ko sun wuce gona da iri, amma ba wanda zai ce ba su kula ba.

Larabawa ma haka suka yi, kuma nasu ya fi burge ni. Akwai Grendizer, na marubucin Japan Go Nagai, wanda aka fara nunawa a 1975, kashi 74. Jarumin, Duke Fleed, ɗan sarki ne da daular Vega ta ƙona duniyarsu, ya gudo duniyarmu da mutum-mutuminsa, wani masanin kimiyya ya riƙe shi kamar ɗa, yana aiki a gidan gona cikin dawaki. Ɗan gudun hijira ne, kuma ba ya son yaƙi, dole ce take sa shi. An mayar da shirin Larabci a Labanan a daidai lokacin da yaƙin basasar ƙasar yake ci, wanda ya faro a 1975. Jihad al-Atrash ya yi muryar jarumin, Sami Clark ya rera waƙar buɗewa, kuma da tsantsar Larabci aka yi, irin na littafi. Yaran da bama-bamai ke sauka a unguwanninsu suka ji jarumi yana maganar kare ƙasa da harshensu. Waɗannan yaran sun girma ba su manta ba, har a 2022 aka kafa wa Grendizer gunkin ƙarfe mai tsayin sama da mita 33 a Riyad. Duk wanda ya taɓa samun tauraron ɗan'adam a gidansu ya kalli tashar katun ta Larabci, Spacetoon, ya san yadda katun yake sa Larabci a bakin yaro ba tare da bulala ba.

To mu fa? Mu da muka iya fassara fiye da kowa. Ku dubi yadda Indiya-Hausa ta mamaye ko'ina, daga shagon caji a Tudun Wada har ƙauyen da babu wuta. Irin su Algaita a Kano sun nuna cewa Bahaushe zai iya ɗaukar fim na awa uku ya sa masa Hausa har tsohuwa ta bi labarin daga farko zuwa ƙarshe. Gwanintar tana nan, kayan aikin suna nan, kasuwar tana nan. Ga ƙananan yara akwai shirye-shiryen koyon ƙirga da haruffa da aka mayar Hausa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma ɗan shekara tara zuwa goma sha huɗu, wanda ya wuce ƙirga ɗaya biyu uku, jininsa yana tafasa, yana neman jarumin da zai kwaikwaya, shi aka bari. Mafi yawan katun da nake cin karo da shi da Hausa a waya na barkwanci ne, an ɗora ashar da shirme a kan hoton, an watsar da ainihin labarin. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Na san abin da wasu malamanmu da iyaye za su ce, kuma ba na raina maganarsu. A cikin Voltron akwai Haggar, tsohuwar matsafiya da ke haɗa wa Zarkon dodanni. Akwai fatalwar Sarki Alfor da ke fitowa tana ba 'yarsa shawara. Akwai kiɗa, akwai shigar da ba tamu ba. Duk gaskiya ne. Sai dai ku lura, yaron yana ganin waɗannan duka yanzu haka, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Idan mu muka riƙe almakashi da makirufo, mu za mu zaɓi abin da zai wuce da abin da za a cire, kamar yadda Amurkawa da Larabawa suka zaɓa. Matsafiyar ma a ɓangaren azzalumai take, kuma kullum ita ke kunyata. Hana kallo gaba ɗaya kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ya riga ya gagara tun ranar da waya ta shiga kowane gida. Sabon Voltron da aka yi wa Netflix daga 2016 zuwa 2018, zango takwas, shi kam na manyan yara ne, uba ya fara kallonsa da kansa kafin ya yanke hukunci.

Akwai wata sukar da na fi ɗauka da nauyi, wato cewa irin waɗannan shirye-shirye talla ce. Wannan ma gaskiya ne. Transformers, wanda shi ma ya fito a 1984, kamfanin kayan wasa na Hasbro ne ya sa aka yi shi don a sayar da mutum-mutumin roba da ya samo daga kamfanin Takara na Japan. A fim ɗinsu na 1986 suka kashe Optimus Prime, shugaban mutanen kirki, don su buɗe hanya ga sababbin kaya. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, dole aka dawo da shi a shekarar da ta biyo baya. Masu kuɗin sun ɗauka haja suke sayarwa, ashe yaran uba suka samu a jikinsa, mai tausayi, mai tsayawa gaban raunana. Mu a nan ko tallar ba ta kama mu sosai. Yaronmu ba shi da kuɗin sayen zakin roba, sai ya tsinto kwali da gwangwanin madara da murfin kwalba da tsohon batir ya ƙera nasa. Na ga wanda ya yi hannun mutum-mutumi da sirinji da robar ƙarin ruwa, yana matsawa yatsun suna motsi. Wannan yaron injiniya ne, katun ne ya fara tsokano shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan da yara suke yi yanzu a lungu. Da can ɓarawo da ɗan sanda ne. Yanzu za ka ga an rataya kara a kafaɗa, an naɗe fuska da tsumma, ana rigimar wa zai zama ɗan bindiga, domin shi suke jin ana tsoro. Yaron da yake jin sunayen 'yan ta'adda kullum a bakin manya, idan ba a ba shi wani mai ƙarfin da ya fi su ba, wanda ƙarfinsa na kare mutane ne, to da su zai cika idonsa. A Voltron babu zakin da ke cin nasara shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a zare takobi sai an kawo wa talakawa hari. Wannan duk a cikin maganar yake, maganar da ake ja gaba da yatsa.

Don haka ina kira ga masu fassara da gidajen talabijin namu, da masu hannu da shuni a jihar nan. A nemi haƙƙin irin waɗannan shirye-shirye ta hanyar da ta dace, ba sata ba. A zaunar da malamin Hausa da malamin addini da uwa mai 'ya'ya su duba kowane kashi. A samo masu murya da za su ɗauki aikin da daraja, a sa Hausa mai kyau wadda yaro zai tsinci kalma a cikinta. Daga nan kuma mu fara namu. Ɗaliban kwamfuta suna nan a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da kwalejin kimiyya ta Kaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da yawansu sun iya zane a waya, aikin yi ne babu. Muna da dutsen Kwatarkwashi da dam ɗin Bakolori da za a ɓoye zakuna a cikinsu, muna da Sarauniya 'Yargoje, maƙwabtanmu suna da Kanta da ganuwar Surame. Kashi ɗaya na minti goma ya isa a fara gwaji, a tura shi shagunan caji a ga yadda yara za su karɓa. Duk wanda ya iya zane ko haɗa murya a Gusau da kewaye kuma yake son a gwada, ya yi mini magana, ni zan ɗauki nauyin rubuta labarin.