Wanda ya tsinke talala, wa ke biyan kuɗin igiya?

Ranar 23 ga Nuwamban 2020 Sanata Ali Ndume ya kwana a gidan yarin Kuje, alhali ba a tuhume shi da satar ko sisi ba. Laifinsa sa hannu. Shi ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, a kan beli na naira miliyan 500, ya jingina gidansa na Asokoro a Abuja. Da Maina ya daina zuwa kotu tun ƙarshen Satumba, Mai shari'a Okon Abang ya ce ko dai sanatan ya kawo mutuminsa, ko ya biya, ko ya zauna a Kuje. Sai da ya yi 'yan kwanaki a ciki kafin shi ma a ba shi beli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi mai gudun me ya samu? An soke belinsa, aka ba da izinin kama shi duk inda aka gan shi, aka kuma ci gaba da sauraron shaidun EFCC ba ya nan, domin dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta yarda a yi haka idan wanda aka ba beli ya ƙi bayyana. A Yamai aka cafke shi ƙarshen Nuwamba, aka dawo da shi Abuja farkon Disamba, daga nan bai sake kwana a gidansa ba har aka ɗaure shi shekara 8 a Nuwamban 2021. Ɗansa Faisal shi ma ya tsallake nasa belin, aka yanke masa shekara 14 a bayan idonsa, ɗan majalisar da ya tsaya masa kuma aka bi shi bashin naira miliyan 60. Gudun bai rage wa uba ko kwana ɗaya ba, sai ma ya raba shi da damar zama da lauyansa a falo ya shirya kariya.

Wannan ɓangaren labarin kowa ya ji shi a rediyo. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a kawowa a labarai.

Beli, da sakin talala da ake yi wa fursunan da ya yi wani kaso na wa'adinsa, duk igiya ɗaya ce. Makiyayi ya san ta: ana tsawaita wa dabba igiya ta yi kiwo, amma turken yana nan. Dokarmu ta tanadi sakin talalar. Wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, idan ya cinye kashi ɗaya cikin uku kuma shugaban gidajen yari ya shaidi halinsa, kotu na iya dakatar da sauran wa'adin bisa sharuɗɗa. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, ta kafa sashen kula da masu yin hukunci a waje. A takarda, lafiya lau. Wanda ya saɓa sharaɗi ya san inda zai koma, ragowar shekarun da aka jingine suna jiransa.

To amma wa ke riƙe da ɗaya bakin igiyar? A Ingila ko Amurka akwai jami'in da aka ɗora wa wannan aiki, mutum ya je ya bayyana a gabansa a ranar da aka sa, wani ma a ɗaura masa na'ura a ƙafa da ke nuna inda yake. Mu nan, galibi mai tsayawa shi ne jami'in, shi ne na'urar. Hukuma ta saki mutum, ta bar kawunsa da aikin gadi, ranar da ya sulale ta iyaka sai a damƙi kawun. Maina fa ba allura ba ne, fuskarsa ta sha fitowa a jaridu, amma ya isa Nijar. Ban ji an kai wani mai tsaron iyaka Kuje ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cewa a ƙyale mai tsayawa. Wanda ya sa hannu ya ɗauki amana, kuma duk wanda ya taɓa zama a harabar kotu ya ga masu sana'ar tsayawa, da 'yar jakarsu ta hotuna da takardun fili, suna tsaya wa wanda ko sunan unguwarsa ba su sani ba. Irin waɗannan a kwace abin da suka jingina, babu tausayi. Abin da nake ƙi shi ne a mai da wannan kaɗai maganin gudu.

Domin duk babban da ya tsere, alƙalai sai su ƙara tsuke wa na ƙasa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu kotu, ɗanta yana tsare kan rigimar waya. An ba da beli, amma sai da ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi, mai gida a cikin gari. Ta zaga dangi kaf. Ƙanin mijinta, wanda ya cika sharaɗin, ya dube ta ya ce, "Yaya, sanata ma an kai shi Kuje, ni wane ne?" Ta koma da kular tuwonta, ta yi wata biyar tana kai wa yaron abinci ranar ziyara. Yaron nan da ko kuɗin motar Zariya ba shi da shi, ina zai gudu?

Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin Najeriya jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna. Su ne ke biyan kuɗin igiyar da wasu suka tsinka. Haka kuma tsohon da ya yi shekara goma sha a ciki, ya sauke Alƙur'ani, ya koyi kafinta: wane jami'i ne zai rubuta a sake shi, bayan ya san babu mai bibiyarsa a waje, kuma in ya ɓace shi za a tambaya?

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. A zuba ma'aikata da abin hawa a sashen da dokar 2019 ta kafa, kowane wanda aka saka ya zama yana da jami'in da ya san ƙofar gidansa da mai unguwarsa. Sunan duk wanda aka karɓe wa fasfo ya isa Jibiya da Illela da Maigatari a ranar, ba bayan wata biyu ba. A kuma auna beli da aljihun mutum da nauyin tuhumarsa. Ɗan maƙwabciyar tamu dai ya fito daga baya, ranar da mai ƙara ya gaji da zuwa kotu aka kori shari'ar.