Giɗaɗo ba daga "gida" ya fito ba

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce sunan Giɗaɗo daga kalmar "gida" ya samo asali, wato yaron da aka haifa a gida, nan kam ka yi tuntuɓe. Rubutun boko ne ya yaudare ka. Da aka yar da ƙugiyar ɗ sai ya koma Gidado, kowa kuwa ya gani zai tuna da gida. Ka zo Sakkwato ka saurari bakin tsofaffi, ɗ biyu za ka ji ɓaro-ɓaro.

Fulatanci ne, ma'anarsa wanda ake so, abin ƙauna. Kuma da farko laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima sunansa Usmanu. Shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu, shi ya sauki Baturen nan Clapperton a 1824. Daga gare shi unguwar Giɗaɗawa ta sami suna, Waziri Junaidu ma jininsa ne.

Ƙanena sunan ke gare shi. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta laƙa masa don ba ta iya faɗin Usmanu, sunan surukinta ne, kunya ta hana. Ranar da ya je yin katin ɗan ƙasa, ma'aikacin ya dube shi ya ce, "Gidan wa?" Har yau muna tsokanarsa da wannan.

Don Allah a gyara, ko ƙugiyar kaɗai a mayar masa.