Nasiha ga ƙannenmu masu harbin jemagu da danko

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina tsaye kusa da Asibitin Sojoji na 37 a nan Accra ina jiran motar Nima, sai na hangi samari biyar a ƙarƙashin manyan itatuwan nan da jemagu ke yini a kansu, kowanne riƙe da danko. Hausa suke yi, saboda haka na san 'ya'yanmu ne na zango. Ɗaya ya saki dutse, dubban jemagu suka tashi lokaci guda suna kururuwa, kashinsu yana zuba a kan masu wucewa da matan da ke sayar da abinci a gefen titi. Wani jemage ya faɗo da karyayyen fiffike, sai ƙaramin cikinsu ya ɗauke shi da hannu yana lilo da shi, abokinsa kuma yana ɗaukar bidiyo. Da na yi magana, amsar da na samu ita ce: "Baba, ai damun mutane suke yi da wari."

Ƙannena, ban musa warin ba. Duk wanda ya zauna kusa da matattarar jemagu a lokacin rani ya san abin da ake nufi da shanya da ta ɓaci, da mota da sai an wanke kullum, da hayaniyar asuba wadda ke hana maras lafiya runtsawa. Masu wannan kuka suna da gaskiya, kuma haƙƙinsu ne a saurare su. To amma ku faɗa mini, wane wari ne dutsenku ya rage? Jemagen da yake rataye yana barci kun tashe shi, ya firgita, ya watsa fitsari da kashi a kan abincin da uwar wani za ta saya, sannan kuka kira wannan taimakon jama'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaukar jemagen da hannu. Tun a shekarar 1956 aka gano wata ƙwayar cuta, 'yar'uwar ta haukan kare, a jikin irin wannan jemage a tsibirin Legas. A Ostireliya, inda manyan jemagu ke sauka a cikin garuruwa, makamanciyarta ta kashe mutane ta hanyar cizo ko yagushi, wata kuma da ake kira Hendra ta ɓulla a 1994 a wata unguwar Birisben, ta bi ta jikin dawaki ta kama masu kula da su. Jemagen da yake can saman reshe ba ya cizon kowa, wanda aka raunata aka damƙe shi ne yake kai haƙori. Wato da hannunku kuke sauko da haɗarin daga inda Allah ya ajiye shi, kuna kai shi gidan da ƙannenku ke rarrafe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a nan ruwan ba a kanku kaɗai zai tsaya ba. Wanda tsautsayi ya sa aka cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko man zafi.

Korar ma da kuke taƙama da ita, waɗanda suka fi ku kayan aiki sun gwada. Garuruwa da dama a Ostireliya sun kashe kuɗi masu yawa kan hayaƙi da fitilu da ƙara don su tashi jemagu, sau da yawa kuma jemagun sun koma unguwar da ke kusa, ko sun dawo bayan ɗan lokaci. In hukuma da injinanta ta sha wannan wahala, me danko zai yi ban da mayar da damuwar kan maƙwabci?

Ban sani ba ko an taɓa gaya muku cewa furen kuka da na ɗorawa da na rimi da dare suke buɗewa, kuma jemagu na cikin manyan masu yi musu barbara. Kuna shan miyar kuka, kuna neman daddawa a cikinta, kuna kuma jifan ma'aikacin da ya yi dakon garin furen. Jemagun nan na Accra suna tafiyar kilomita da yawa a dare ɗaya suna yaɗa irin itatuwa, har da loko wanda a nan ake kira odum, idan damina ta kusa kuma su nufi arewa. Macen tana haifar ɗa ɗaya ne tak a shekara, don haka duk uwar da kuka kakkaɓo, kun kashe biyu.

Harbin nan ba don yunwa ba ne, don na ga yadda kuka yar da shi a kwata bayan an gama ɗaukar hoto. Don dariya ne da neman mabiya a TikTok, cutar da ta sa yanzu in mota ta yi haɗari sai a zaro waya kafin a miƙa hannu. Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, ya taɓa iske samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya faɗa musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mayar da mai rai abin gwajin harbi. Samarin nan da suka hango shi watsewa suka yi don kunya.

Ya kamata hukuma ta riƙa share ƙarƙashin itatuwan, masu abinci su rufe kayansu, iyaye su sa ido. Amma ina iyayen? Lokacin da muke yara a Nima, in dattijo ya gan ka da danko a wurin da bai dace ba, zai karɓe ya ja maka kunne ko bai san sunan mahaifinka ba, in ka kai ƙara gida kuma a ƙara maka. Ranar Asabar akwai magidanta fiye da goma a wurin, babu wanda ya ce uffan, wani ma nuna wa yaran yake yi reshen da jemagu suka fi cika.