Yadda Na Mayar Da Bikin Ƙanwar Matata Windows 11

Tun da na ji cewa Windows 10 za ta daina samun gyaran tsaro daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, na ƙudiri aniyar ɗora Windows 11 a kwamfutata. Mai gyara a babbar kasuwar Garwa, a nan Kamaru, ya ce in ba shi jaka biyar na sefa, ni kuwa na ga kuɗin sun yi yawa a kan aikin da bai wuce danna maɓalli ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Ngaundare ya ce, "Kawu, ka bari in zo hutu." Na amsa masa da cewa tun yana rarrafe nake ɗora Windows XP da faifai.

Dare uku na yi ina sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ke ɗauke da Windows 11 ɗin, da intanet ɗin wayata, sannan na fita neman faifan DVD, wanda sai a shago na huɗu na same shi, mai shagon ma sai da ya kakkaɓe masa ƙura. Da na dawo gida na lura cewa faifan gigabait 4.7 yake ɗauka, alhali fayil ɗin ya haura gigabait 5. Na sake komawa cikin ranar Garwa, wadda ba ta san girman kowa ba, na nemo mai hawa biyu da ke ɗaukar gigabait 8.5, na kai wa wani abokina mai shagon hoto a Yelwa ya zuba mini fayil ɗin a kai.

Na zauna da faifaina cikin alfahari, na shafa gefen dama na kwamfutar ina neman maɓallin da ke fito da farantin faifai, na shafa gefen hagu, har na kifar da ita na duba ƙasanta. Shekara biyu ina yabon sirantar wannan na'ura a gaban jama'a, ban taɓa tambayar kaina abin da aka cire mata har ta sirance ba.

Dole na koma ga filashi, wanda a nan muke kira kile. Ana bukatar mai gigabait 8 aƙalla, nawa kuwa na 4 ne, amma na san uwargida tana da mai 16 a cikin akwatinta, inda take ajiye hotuna da bidiyon bikin ƙanwarta da aka yi a Marwa. Na ɗauka da niyyar mayarwa kafin ta dawo daga unguwa. Na jawo fayil ɗin zuwa ciki, kwamfuta ta ce ya yi girma, ga kuma fili fetal ina gani da idona. Sai da na ajiye girman kai na kira yaron.

"Kawu, tsarin FAT32 da kilen ke kai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma ko da ya shiga a haka ba zai tayar da kwamfuta ba. Ka sauke Rufus, manhajar da ke shirya kile domin ɗora Windows, ka zaɓi GPT tunda na'urarka UEFI ce. Amma kafin ka danna komai, ka tabbata…" A daidai nan kuɗin wayata suka ƙare.

Rufus ya yi mini adalci, domin ya fito da gargaɗi da Faransanci, da manyan baƙaƙe, cewa duk abin da ke cikin kilen zai shafe. Sai dai ni shekara ashirin ke nan ina danna OK ba tare da karanta abin da ke samansa ba. Na danna F12 yayin kunnawa, na zaɓi kilen, Windows 11 ta hau lami lafiya, na mayar da shi akwati.

Ranar Juma'a surukata ta iso daga Marwa, kuma bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma domin a kalli biki. Uwargida ta soka kilen a talabijin, sai ga kayan Windows, wato boot, efi, sources da support, sun jeru.

"Malam, wanne ne kamun amarya a cikin waɗannan?"

Na ce a gwada sources.

Mai hoton Marwa ya ce yana da sauran kwafi, amma sai an ba shi jaka goma, ban da kuɗin motar da za ta kawo shi. Ya kuma tambaya ko a faifai nake so ko a kile.