Tabarau da Tuwon Uwargida

Na daɗe ina alfahari da cewa mota ba ta taɓa tayar mini da zuciya ba, ko da an cusa ni a kujerar baya ta bas daga Kano zuwa Maiduguri. Saboda haka, da ɗan yayata mai karatun likita ya zo gaishe mu da na'urar Quest 2 a jakarsa, wato na'ura mai kama da tabarau wadda ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin hoton da take nunawa, ya kuma ce ba a saka ta bayan cin abinci, sai na ɗauki maganar a matsayin raini, duk da cewa a lokacin na gama da tuwon shinkafa da miyar taushe.

Ya ɗaura mini tabarau ɗin ina zaune a kan kujera, nan take na tsinci kaina a cikin wani jirgin lilo da ya haura sama a hankali, sannan ya sulmiyo ƙasa da gudu. Na yi salati, na riƙe hannun kujera, gumi mai sanyi ya keto mini, kuma kafin jirgin ya sha kwana ta gaba, tuwon nan ya fara neman hanyar komawa inda ya fito. Da aka cire mini na'urar, falon da kansa ya ci gaba da juyawa, yara kuma suna ta dariya.

Yaron ya durƙusa yana yi mini fifita, ya ce: "Kawu, a can cikin kowane kunne akwai wasu bututu uku masu ruwa waɗanda ke gane juyawar kai. Idanunka sun ce kana faɗowa, kunnuwanka sun ce kana zaune. A mota akasin haka ke samun mai karatu, domin kunne na jin tafiya, ido kuma yana kan takarda." Da ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma ɗalibi ba ya barin karatunsa a ciki, sai ya ƙara da cewa wani masani, Michel Treisman, ya kawo hasashe a 1977 cewa idan saƙonnin biyu suka saɓa, ƙwaƙwalwa kan ɗauka an ci guba, shi ya sa take umartar ciki ya fitar da abin da ke cikinsa.

Daidai nan uwargida ta shigo da shayin citta, kuma kalmar guba kaɗai ta ji. Ta ajiye kofin a hankali, ta ce: "Malam, a gidan nan wa ya dafa tuwon?" Muka yi ta bayanin bututun kunne har aka kira la'asar, ba ta gamsu ba. Da daddare a wurin mai shayi na ci burodi, yaron kuwa aka ba shi tuwo har da ƙari.